Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Laifi da Hukunci a Ƙagaggun Labaransa

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a yau yake cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka ya buɗe ido a gidan da ake karatu, ake kuma sauraron ƙara. Wansa shi ne Malam Bello Kagara, mawallafin Ganɗoki. Bayan karatun allo da na elementare, ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fito a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ke nan kafin a san shi marubuci, malamin aji ne.

Shigarsa Fagen Rubutu

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai da Hausa. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22, littafin ya samu karɓuwa aka buga shi. Labari ne na Alhaji Imam da ya fita neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma abin da ya fi riƙe mai karatu shi ne karonsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Duk garin da suka haɗu sai ɗaya ya ƙulla wa ɗaya sharri, a kai ga gaban mahukunta, sannan a jira ramuwa.

Ganin gwanintarsa ya sa aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya ɗinka musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne.

Yadda ya Sarrafa Jigon Laifi

Ba a lissafa Imam cikin marubutan labaran 'yan sanda da 'yan fashi irin na zamani. Duk da haka, wanda ya nazarci Magana Jari Ce zai ga cewa an gina littafi na ɗaya ne a kan cin amanar ƙasa. Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa ya haɗa baki da abokan gaba don a halaka yaron. Aku ne ya riƙa tsare Musa da labari kowane dare har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarko. Mai karatu ya san makircin, Musa bai sani ba. Wannan dabara ta sanar da mai karatu haɗarin da tauraro ya jahilta ita ce ke sa zuciya ɗar-ɗar, kuma da ita marubutan labaran ban tsoro suke aiki a ko'ina.

A cikin labaran akun ma ɓarayi da mazambata da maƙaryata sun yi yawa. Imam ba ya hana mai laifi wayo, yakan ma bar shi ya ba da dariya. Sai dai a mafi yawan lokaci yakan kai shi inda wayon zai ƙare, ko a gaban alƙali, ko a hannun wanda ya fi shi dabara. Hukuncin yana fitowa ne daga cikin labarin, ba daga dogon wa'azi ba.

Aikin Jarida da Hidimar Jama'a

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta kimanin shekara 12. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya yi wakilci a majalisa, daga baya ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a 1981.

Gadon da ya Bari

Shekara ɗaya bayan rasuwarsa, wato 1982, aka buga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka shigo da bindiga da fasa-ƙwauri cikin zuben Hausa. Duniyarsu ta bambanta da ta Imam, amma sun tarar da masu karatun da littattafansa suka riga suka koya wa zaman jiran ƙarshen mugu.

Ga ɗalibin da gobe zai tsaya gaban aji a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa, darasin a fili yake. Yaran waɗannan yankuna sun san ta'asar miyagu ba a littafi ba, kuma suna bukatar labarin da zai nuna musu cewa zalunci yana da iyaka. Imam ya fara jawo hankalin yaro da son jin abin da zai biyo baya, sannan tarbiyya ta bi sawu. Malamin da ya juya wannan tsari, ya fara da gargaɗi kafin labari, zai wayi gari yana magana shi kaɗai.