Masamune: Maƙerin Japan da ba kasafai yake sa hannu ba

Duk mai tara tsofaffin makamai, in ya samu wuƙar Japan, abin da yake fara yi shi ne ya zare 'yar ƙusar gorar da ke riƙe da ƙota, ya cire ƙotar, ya duba gindin ƙarfen. A nan ne maƙeran Japan ke sassaƙa sunansu. Daga nan sai ya ɗauki hoto, ya shiga neman mai fassara masa. Sunan da kowa ke fatan a karanto masa kuwa shi ne Masamune, alhali mai sunan da wuya ya sa hannu a kan aikinsa.

Goro Nyudo Masamune ya rayu ne tsakanin wajen 1264 zuwa 1343 a garin Kamakura, cikin lardin Sagami, kudu da Tokyo ta yanzu. A lokacin ƙuruciyarsa Kamakura ce mazaunin Shogun, wato sarkin yaƙin da ke riƙe da mulkin ƙasa, don haka gari ne na mayaƙa, kuma maƙeri ba ya rasa aiki. Ana danganta koyon sana'arsa ga Shintogo Kunimitsu, gwanin ƙera gajerun wuƙaƙe da ake kira tanto, waɗanda tsawon ƙarfensu ba ya wuce santimita 30.

Yana yaro rundunar Mongol ta Kublai Khan ta kawo wa Japan hari sau biyu, a 1274 da 1281. Masana na ganin waɗannan yaƙe-yaƙe ne suka sa maƙeran ƙasar neman ƙarfen da zai yi kaifi ba tare da ya karye ba. A nan Masamune ya yi fice. Yakan haɗa ƙarfe mai tauri da mai laushi, ya yi ta ninkewa yana dukansa har su zama jiki ɗaya. Sai ya shafe shi da yumɓu, mai kauri a baya, siriri a bakin kaifi, ya sa a wuta ya yi ja, sannan ya tsoma cikin ruwa. Bakin ya yi tauri, bayan kuma ya rage da laushin da zai jure sara. A jikin ƙarfensa ana ganin ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar taurari, da zane mai kama da igiyar ruwa. Wannan zanen shi ne tambarinsa na ainihi.

To ina sunan ya tafi? Yawancin dogayen takubbansa an gajarta su ne a ƙarnukan baya, da salon yaƙi ya sauya. Ta gindi ake yankewa, kuma a gindin rubutu yake, ka ga in ma akwai suna ya tafi ke nan. Abin da ya rage da sa hannunsa 'yan wuƙaƙe ne ƙalilan, kamar Fudo Masamune da ke gidan tarihin Tokugawa a Nagoya, da Kyogoku Masamune, da Daikoku Masamune. Rubutun ma harafi biyu ne kacal: na farko na nufin daidai ko gaskiya, na biyu na nufin tushe. Japan ta sanya aikinsa guda tara cikin dukiyar ƙasa, takubba huɗu da wuƙaƙe biyar, amma babu ko ɗaya da ke ɗauke da rubutun hannunsa.

Sunansa ya fi tashi ne bayan shekara sama da 200 da mutuwarsa. Toyotomi Hideyoshi, wanda ya mutu a 1598, yana daga cikin masu matuƙar son ƙirarsa, kuma manyan masu mulki suka mayar da takobin Masamune babbar kyautar da ake yi wa jarumi. Masu nema suka yi yawa, kaya kuma kaɗan, sai 'yan jabu suka samu kasuwa. Wannan ya ƙara wa gidan Hon'ami daraja, dangin da suka gaji wasa takubba da tantance su. Su ne ke duba ƙarfe su ba da takardar shaida, wani lokaci su rubuta sunan maƙerin da zinariya a gindin takobin. Don haka in mai fassara ya ga sunan Masamune da zinariya, ya sani hukuncin mai tantancewa yake karantawa, wanda aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayan maƙerin ya kwanta dama. A kundin shahararrun takubba da Hon'ami suka haɗa wa Shogun Yoshimune a 1719, Masamune ya fi kowa yawan kaya.

Ƙarancin sa hannun nan har ya kai wani masanin takubba, Imamura Choga, ya fito a 1896 yana shakkar ko an taɓa yin gwani irin wanda ake faɗa. Muhawara ta yi zafi, amma tsofaffin littattafan tantance takubba, har da wani da aka kwafa a 1423, sun ambaci sunansa. Yau masana sun yarda mutum ne da ya rayu, kuma akwai kabarin da ake dangantawa gare shi a haikalin Hongakuji a Kamakura. Labarin nan da ake yayatawa na gasarsa da maƙeri Muramasa a bakin rafi kuwa tatsuniya ce, don Muramasa ya zo ne fiye da shekara 150 bayansa.

Takobinsa mafi shahara, Honjo Masamune, gadon gidan Tokugawa ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Amurka sun ba da umarnin a tattara makamai. A Disambar 1945 Tokugawa Iemasa ya kai shi ofishin 'yan sanda na Mejiro a Tokyo, daga nan aka miƙa shi ga sojojin mamaya. Har yau ba a sake ganinsa ba.

Saboda haka, mai karatu, in wuƙa irin wannan ta faɗo hannunka, kar ka kankare tsatsar gindinta, domin launin tsatsar da sawun zarto na cikin abin da ake gane shekarunta da su. Rubutun daga sama zuwa ƙasa ake karanta shi: galibi lardi, sai sunan maƙeri, sai harafin da ke nufin ya ƙera, a ɗaya gefen kuma wani lokaci kwanan wata bisa zamanin sarautar da aka yi ta. Fassara za ta gaya maka abin da aka rubuta ne kawai, ba ta tabbatar da wanda ya rubuta. Wannan aikin masu duba ƙarfe ne, irin ƙungiyar NBTHK da aka kafa a Japan a 1948, wadda ke ba da takardar shaida. In dillali ya nuna maka harafi biyun nan ɓaro-ɓaro a kan wuƙa mai araha, riƙe kuɗinka tukuna, a fara duba ƙarfen.