Maria Goeppert Mayer: Matar da ta gano yadda cikin ƙwayar zarra yake

An haifi Maria Goeppert ranar 28 ga Yunin 1906 a Katowice, garin da ke cikin Jamus a wancan lokaci, yanzu kuwa yana ƙasar Poland. Ta kammala digirin digirgir a kimiyyar fiziks a Jami'ar Göttingen a 1930. A shekarar ne ta auri Joseph Mayer, Ba'amurke masanin sinadarai, suka koma Amurka.

A can ta gamu da cikas, domin jami'o'in da suka ɗauki mijinta aiki ba su cika ɗaukar matar malaminsu ba. Haka ta shafe shekaru tana bincike a Johns Hopkins da Columbia da Chicago ba tare da cikakken albashi daga gare su ba.

A Chicago ta lura cewa tsakiyar ƙwayar zarra mai furoton ko nutiron 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126 ta fi sauran ƙarko. A 1949 ta bayyana dalili: waɗannan ƙananan ƙwayoyi a jere suke hawa-hawa kamar ɓawon albasa, kuma da zarar hawa ɗaya ya cika, sai tsakiyar ta yi ƙarfi. Bajamushe Hans Jensen da abokansa ma sun gano hakan a nasu ɓangaren.

Sai a 1960, shekara 30 bayan digirinta, Jami'ar California da ke San Diego ta ba ta kujerar farfesa da cikakken albashi. A 1963 ta samu kyautar Nobel tare da Jensen da Eugene Wigner, ta zama mace ta biyu da ta same ta a fiziks bayan Marie Curie. Ta rasu ranar 20 ga Fabrairun 1972.