Abul Ƙasim Az-Zahrawi: Likitan Fiɗa na Andalus

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa asibiti don a yi masa aikin ƙaba ko na hanji, ya san irin fargabar da ke kama mutum in aka ce za a tsaga ciki. To, shekaru dubu da suka shuɗe, lokacin da babu maganin sa barci irin na yau, an yi wani malami a ƙasar Andalus wanda ya tunkari wannan aiki, ya kuma rubuta yadda ake yin sa. Sunansa Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas.

An haife shi wajen shekarar 936 Miladiyya. Laƙabinsa na Az-Zahrawi ya samo asali ne daga Madinatuz Zahra, watau birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina kusa da Ƙurɗuba, a ƙasar Sifen ta yanzu. A wannan yanki ya yi rayuwarsa yana duba marasa lafiya yana koyar da almajirai. Ibn Hazm, wanda ya riske shi da rai, ya lasafta shi cikin manyan likitocin Andalus.

Wajen shekarar 1000 ya kammala littafinsa mai suna At-Tasrif, mai kashi 30. Kashi na ƙarshe shi ne na fiɗa, kuma shi ya ɗaukaka sunansa. Ya raba shi gida uku: ƙuna da ƙarfe mai zafi (abin da ke kama da sakiyar wanzamanmu), sai tsaga da jiyyar raunuka, sa'an nan ɗori. Ya zana siffar kayan aiki wajen 200 don almajiri ya gani, ya sa maƙeri ya ƙera masa. Gaskiya ne ya ɗebi abu mai yawa daga Bulus na Ijina, likitan Girka na ƙarni na 7, amma ya ƙara da abin da idonsa ya gani.

A ganina, babin raunin ciki ya fi kowanne nuna ko shi wane ne. Ya bayyana cewa idan hanji ya fito ya kumbura, sai a ɗumama shi da soso da ruwan ɗumi har ya saɓe. In ya ƙi komawa, a ɗan faɗaɗa bakin raunin, a mayar da shi, a ɗinke. Ya kawo labarin wani mutum da aka soka da wuƙa, raunin ya fi taƙi guda, hanjinsa kuwa wajen taƙi biyu ya kwana ya wuni a waje. Sauran likitoci sun riga sun fid da rai. Az-Zahrawi ya mayar da hanjin ya ɗinke, cikin kwana 15 ko kusa da haka raunin ya haɗe, mutumin ya rayu shekaru masu yawa bayan nan.

Idan hanjin kansa ne ya yage, ya ambaci dabarar wasu masu sa manyan tururuwa su ciji bakin raunin biyu, sai a tsinke jikinsu a bar kawunan a maƙale. Ya kuma ambaci ɗinki da siririn zare da aka ciro daga hanjin dabba. Irin wannan zare, da yake jiki na narkar da shi, likitoci sun yi ta amfani da shi har cikin ƙarni na 20.

Sai dai bai kasance mai gaggawar zare wuƙa ba. Game da ruwan da ke taruwa a ciki, ya koyar da a huda ƙasan cibiya a sa siririn bututu, amma ya ja kunne kada a zuƙe ruwan duka a zama ɗaya, domin majinyaci na iya suma ko ya mutu. Haka kuma ya gargaɗi almajiransa da su san tsarin gaɓoɓin jiki kafin su taɓa kowa, su guji aikin da halaka ta rinjaya a cikinsa.

Ya rasu wajen 1013, jim kaɗan bayan yaƙin basasa ya rusa Madinatuz Zahra. A ƙarni na 12 Jirad na Kiremona ya fassara kashin fiɗa zuwa Latin a birnin Toledo, Turawa suka riƙa kiran marubucin Albukasis. Gi na Sholiyak, babban likitan fiɗa na Faransa, ya ambace shi wajen sau 200 a littafin da ya gama a 1363.