Moustapha Alassane: Bakaniken da Ya Koya wa Zane Tafiya

Tun kafin kwamfuta ta shigo hannun masu zane, akwai wani ɗan Jamhuriyar Nijar da ya sa kwaɗi suka yi faretin soja a majigi. Shi ne marigayi Moustapha Alassane, wanda ake lissafawa a sahun farko na masu finafinan zane mai motsi a Afirka.

An haife shi a garin N'Dougou a shekarar 1942. Tun yana yaro yakan yanka kwali ya fitar da siffofin mutane da dabbobi, ya haska su da fitila, inuwarsu ta riƙa kai da komo a gaban 'yan kallo. Daga baya ya koyi kanikanci, sana'ar da ta saba masa da harhaɗa kayan aiki da hannunsa.

A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai shirya finafinai, wanda ya buɗe masa ƙofar sana'ar. Daga nan ya tafi Kanada, inda ya ƙaru da ilimin Norman McLaren, gwanin zane mai motsi na hukumar finafinan ƙasar.

Sirrin wannan fasaha yana cikin lissafi. Majigi na nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa, don haka tazarar da mai zane ya bari tsakanin hoto da mai bi masa ita ke haifar da sauri ko nawa. Idan tazarar ta yi faɗi, sai a ga gudu. Idan ta matsu, sai a ga tafiyar ƙasaita. Wannan ne makamin Alassane, domin ba shi da kuɗi ko tarin ma'aikata.

Fim ɗinsa La Mort de Gandji ya sami lambar yabo a bikin fasahar baƙar fata na duniya da aka yi a Dakar a 1966. A shekarar ce kuma ya fitar da Bon Voyage Sim, gajeren fim na kusan minti 5 a kan wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya tafi ziyarar aiki. Zanen ba shi da ado, amma takun dakaru da ake ta maimaitawa da taƙamar shugaban sun isa su isar da zambon ga masu mulkin wancan zamani.

A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yan tsana. A wannan salo, ana ɗan gusa hannu ko ƙafar 'yar tsana, a ɗauki hoto ɗaya, a sake gusawa, har motsin ya kammala. Da irinsa ya shirya Kokoa, inda ya mai da dabbobi irin su kwaɗo da hawainiya 'yan kokawar gargajiya a fage.

Ya shugabanci sashen finafinai na Jami'ar Yamai na tsawon shekara 15, sannan ya zauna a Tawa, inda ya ci gaba da aiki har ya rungumi kwamfuta a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015.

Matasan da ke koyon wannan sana'a a yau sun fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba. Abin da ayyukansa ke tuna musu shi ne, kowane motsi sai ya faɗi wani abu game da halin mai yin sa, in ba haka ba ya zama ado kawai.