Edwin Land: Mutumin da ya cusa ɗakin wankin hoto cikin kyamara

Kafin shekarar 1947, duk wanda aka ɗauka hoto sai ya jira, domin dole a kai fim ɗakin duhu a bi da shi ta cikin ruwan sinadarai daki-daki. Edwin Land ne ya taƙaita wannan dogon aiki zuwa minti ɗaya.

An haife shi ranar 7 ga Mayun 1909 a garin Bridgeport da ke Jihar Connecticut a Amurka, mahaifinsa kuwa ɗan kasuwa ne mai sana'ar tsofaffin ƙarafa. Ya shiga Jami'ar Harvard a 1926, amma bai daɗe ba ya bar karatu ya koma New York, inda ya duƙufa a kan binciken haske. A can ya ƙirƙiro wata leda mai rage ƙyallin haske, irin wadda ake sa wa tabarau, kuma a kanta ya kafa kamfanin Polaroid a 1937.

A 1943, yana hutu a garin Santa Fe, 'yarsa mai shekara uku ta nemi sanin dalilin da ya sa ba za ta ga hoton da ya ɗauke ta nan take ba. Tambayar yarinya ce, amma amsarta ta daɗe tana gagarar masana.

A fuskar fim ɗin fari da baƙi akwai gishirin azurfa. Ruwan farko yana mayar da gishirin da haske ya taɓa ya zama baƙar azurfa, sai dodon hoto ya bayyana. Ruwa na biyu kuma yana narkar da sauran gishirin da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da yin baƙi. Idan aka haɗa su a mazubi ɗaya sai su shiga tsere: in mai narkarwa ya riga ɗan uwansa, zai cinye gishirin kafin hoto ya fito. Shi ya sa masu wanki suke raba su.

Land ya haɗa su, ya kuma ci moriyar tseren. Ya zuba sinadaran biyu a cikin wani ruwa mai kauri, ya rufe shi a 'yar ƙaramar jaka da ke manne da fim. Idan aka ja fim ɗin ta tsakanin ƙarafa biyu masu juyawa, jakar kan fashe, ruwan ya bazu tsakanin dodon hoto da wata farar takarda. Azurfar da a da ake wankewa a zubar ita ce ke ƙaura zuwa takardar, ta zauna, ta zama hoton kansa. Wasu masana biyu a Turai, André Rott da Edith Weyde, sun riga shi gano wannan ƙaura ta azurfa, sai dai shi ne ya sa ta aiki a cikin kyamara.

Ya nuna ƙirƙirar a bainar masana a New York ranar 21 ga Fabrairun 1947, aka fara sayar da kyamarar a Boston a watan Nuwamban 1948. Hotunan farko ruwan ƙasa ne. Fari da baƙi na ainihi ya fito a 1950. Nan ne kuma kamfanin ya shiga tsaka mai wuya, domin sababbin hotunan sun riƙa koɗewa a hannun waɗanda suka saya. Mafitar da aka samu ita ce a riƙa shafa wa kowane hoto wani ruwan kariya bayan an ɓare shi, kuma haka aka yi ta yi shekaru da dama. Meroë Morse, wadda tarihin zane-zane ta karanta a makaranta, ita ta jagoranci sashen binciken fim ɗin fari da baƙi har rasuwarta a 1969.

Tarihinsa bai rasa tabo ba. A 1970 wasu baƙaƙen fata ma'aikatan kamfanin, Caroline Hunter da Ken Williams, suka fallasa cewa ana amfani da kayan Polaroid wajen ɗaukar hotunan takardun izinin zirga-zirga da gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ke tilasta wa baƙaƙe riƙewa. Sai a 1977 kamfanin ya janye daga ƙasar. A shekarar ce kuma ya fito da Polavision, na'urar ɗaukar majigi mai wanke kanta, wadda ta yi kwantai saboda zamanin bidiyo ya riga ya kunno kai. Asarar ta raunana matsayin Land, ya bar kamfanin a 1982.

Ya rasu ranar 1 ga Maris na 1991 a Cambridge ta Jihar Massachusetts, yana da takardun mallakar ƙirƙira 535. A shekarar ce Kodak ya biya Polaroid diyyar Dala miliyan 925 saboda kwaikwayon fasaharsa ba da izini ba. Shekara goma bayan haka, a 2001, kamfanin ya durƙushe a daidai lokacin da kyamarar da ba ta buƙatar fim ke mamaye kasuwa.