Yellapragada Subbarow, likitan Indiya da ya mai da bitamin maganin kansa

Mace mai juna biyu da ta je awon ciki a gidan likita na Madawa, Buza ko Keita, ana ba ta ƙwayoyin ƙarin jini masu ɗauke da bitamin da ake kira asid folik. Da wuya ta taɓa jin sunan mutumin da ya jagoranci haɗa wannan bitamin a ɗakin gwaji, balle ta san cewa da ita aka ƙera ɗaya daga cikin magungunan kansa na farko.

An haifi Yellapragada Subbarow ranar 12 ga Janairu 1895 a garin Bhimavaram na kudancin Indiya, cikin gidan da ba ya da wadata. Ya yi karatun likita a Madras, amma saboda yana sa tufafin saƙin gida, kamar yadda Gandhi ya yi kira, wani malaminsa Bature ya tsane shi, ya fita da ƙaramar takarda. A 1923 ya isa Boston a Amurka. Da rana karatu a jami'ar Harvard, da dare aikin dako a asibiti.

Awo ne ya fara fito da shi. A 1925 shi da Cyrus Fiske suka samar da hanyar gano yawan sinadarin fosfor a cikin jini ko fitsari: ana ɗiga wasu sinadarai, ruwan ya juya shuɗi, duhun launin ya nuna yawan abin da ke ciki. Hanya ce mai arha, kuma har yau masu bincike na amfani da irinta don ganin ko wani magani ya rage ƙarfin anzim, wato furotin ɗin da ke tafiyar da wani aiki a cikin ƙwayar halitta. Duk da haka Harvard ba ta ba shi kujerar dindindin ba. A 1940 ya koma kamfanin magunguna na Lederle.

Can ne ma'aikatansa suka haɗa asid folik a 1945. Sai likitan yara Sidney Farber ya lura cewa bitamin ɗin kamar tana ƙara wa kansar jini wuta. Aka juya tunanin: a ƙera abin da ya yi kama da ita sosai, ƙwayar cutar ta haɗiye shi, ya toshe ta. Kafin a kai ga mutum, akan gwada kowane sabon haɗi a kan ƙwayoyin bakteriya da ba sa yaɗuwa sai da wannan bitamin. In suka daina yaɗuwa, haɗin ya kama.

Ta haka aka samu aminopterin. A 1948 Farber ya sanar cewa yara 10 daga cikin 16 da aka ba shi sun samu sauƙi. Sauƙin na ɗan lokaci ne, cutar ta dawo, amma kafin nan kusan ba a taɓa ganin magani ya mayar da kansar jinin yara baya ba.

Subbarow ya rasu a Amurka a watan Agusta 1948, yana da shekara 53. Sai bayan rasuwarsa aka tabbatar da anzim ɗin da maganin ke toshewa, mai suna DHFR, wanda ƙwayar halitta ke buƙata kafin ta rabu gida biyu. Wani maganin da ya fito daga Lederle a kan wannan hanya, metotirezat, shi Denis Burkitt ya yi amfani da shi a Uganda wajen yaran da kansa ta kumbura musu muƙamuƙi, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na hukumar OMS.