Andrei Markov, Masanin Lissafin da Ya Ƙirga Wasula da Baƙaƙe

An haifi Andrei Markov a garin Riyazan na ƙasar Rasha a 1856. Ciwon ƙafa ya sa yana dogara sanda har ya kai shekara goma. A 1874 ya shiga Jami'ar San Petersburg, inda ya yi karatu a hannun Pafnuti Chebyshev, daga baya kuma ya zama malami a nan.

Wata jayayya ce ta haifar da aikin da ya ɗaukaka sunansa. Pavel Nekrasov na Mosko ya yi iƙirarin cewa dokar manyan lambobi, wadda ke nuna matsakaicin sakamako yana daidaita idan an maimaita gwaji da yawa, ba ta aiki sai abubuwan da ake gwadawa ba su dogara da juna ba. Markov ya ƙi yarda. A 1906 ya tabbatar cewa dokar na nan daram ko da kowane sakamako ya rataya ga wanda ya gabace shi. Irin wannan jeri shi ake kira sarƙar Markov.

Don gwada hujjarsa, sai ya koma ga harshe. A 1913 ya ɗauki haruffa 20,000 na farkon Eugene Onegin na Pushkin, ya ƙirga su da hannu: wasula 8,638, baƙaƙe 11,362. Ya gano cewa bayan wasali, wani wasalin na zuwa kusan sau 13 cikin ɗari, amma bayan baƙi, kusan sau 66. Ashe harafi ba ya faɗowa kara zube. Na bayansa ke share masa hanya. Claude Shannon ya bi wannan turba a 1948, kuma a kanta aka gina manhajojin farko na gane magana da hasashen kalma.

Markov ba ya rusuna wa masu mulki. A 1908 ya ƙi zama ɗan leƙen asirin gwamnati a kan ɗalibansa. A 1912 ya nemi cocin Rasha ta kore shi, kamar yadda ta kori Tolstoy. Bayan juyin juya halin 1917, ya koyar da ƴan makaranta a garin Zaraisk ba albashi. Ya rasu a Petrograd a 1922, yana da shekara 66.